Kuɗin Hannun Ƙanena Ila

Tun da na dawo daga ƙasar Benin ba a bar ni na ɗaura noti cikin kwanciyar hankali ba. Duk wanda ya shigo garejina, ko iska ya zo sha a taya, sai ya ja benci ya ce, to Malam Garba, yaya ka baro mutanen Faransa? Na faɗa har bakina ya gaji, kuma na lura labarin yana ƙara ƙiba a bakin jama'a, don shekaranjiya wani ya tare ni a ƙofar masallaci yana yi mini jaje wai an ɗaure ni a boda. Ba wanda ya ɗaure ni. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin yadda ya faru, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma a bar ni in yi aikina.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Ina da ƙane, Ila, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na koya masa riƙe sifana a nan Birnin Kebbi. Shekarun baya ya bi wata motar shanu ya tafi Parakou, ya zauna, ya yi aure, ya buɗe gareji a wani fili a gefen Zango. Filin na wani mahauci ne, Alhaji Bawa, wanda ya sauke shi tun yana baƙo, ya tsaya masa a wurin aure, kuma bai taɓa karɓar kuɗin haya a hannunsa ba. Matar Ila, Zainabu, ita ta kira ni a waya. Ta ce Alhaji ya ce in wata ya ƙare Ila ya kwashe ƙarafansa ya bar masa fili, shi kuma Ila ya daina cin abinci, ya kuma hana a gaya mini. Na tambaye ta me ya haɗa su, ta ce kuɗin gyaran mota. Ni kuwa da na ji rigimar mai mota ce da bakanike, ban tsaya jin sauran ba, na riga na yanke hukunci. Na tsufa a wannan sana'a, na san masu mota. Mutum zai kawo maka gawa a kan igiya, ka tayar masa da ita, ya dube ka ya ce wai me ka yi mata ma.

Na zuba 'yan sifanuna a jaka, don bakanike ba ya tafiya hannu rabbana, na shiga motar Ka'oje. Wanda ba bakanike ba bai san azabar zama fasinja ba. Kowa yana gyangyaɗi, ni kunnena yana ƙarƙashin mota. Kafin mu yi nisa na gaya wa direba boris ɗin tayar baya yana kuka. Ya dube ni ta madubi ya ce tun bara yake kuka, kuma har yau bai mutu ba. Fasinjoji suka yi dariya, wata tsohuwa mai kwandon kaji ta ce in bar yaro ya yi tuƙinsa. Na ƙyale shi, amma ban daina jin kukan ba har Tsamiya.

A boda aka samo zancen ɗaurin nan. Mun wuce ɓangarenmu lafiya, muka isa nasu, wani ma'aikaci dogo ya buɗe jakata ya ga ƙarafa. Ya yi mini tambaya da Faransanci, na ce ban ji ba, ya kwaikwayi juya noti da hannu, na gyaɗa kai. Sai kawai ya kama hannuna ya yi bayan ofis da ni. Ni kaina na fara karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Ashe babur ɗinsa ne ya ƙi tashi tun safe. Fulogi ne ya yi baƙi, na goge shi, na hura kafireta, babur ya ɗauka. Mutumin ya sa hannu a aljihu, ya tambaye ni nawa ne da 'yar guntuwar Hausarsa. Ban saba ganin mai kaki yana tambayar kuɗin aiki ba, kunya ta kama ni, na ce a bar shi, ba komai. Ya yi godiya, ya fito da hannunsa daga aljihu yadda ya shigar da shi. Na koma mota ina ƙunƙuni, wai me ya hana shi ya matsa mini in karɓa, kuma ƙunƙunin nan bai sake ni ba sai da muka wuce Segbana muka kai Kandi. Wani ɗan unguwarmu da ke kan hanyar dawowa gida ya ga shigata bayan ofis, bai ga fitowata ba, shi ya kawo muku labarin kurkuku.

Daga Kandi hanya ta miƙe kudu. Abin da na fara lura da shi man fetur ne. Wanda muke nema ido rufe a gida, ga shi nan jere a manyan kwalabe a bakin titi, har na ji kamar in sauka mu gaisa. Sai biredinsu, dogo kamar sanda, mai ɓawon da ke yanka dasashi. Na saya a N'Dali ina ta fama, wanda ke kusa da ni ya ga wahalata ya ce a shayi ake tsoma shi. Bahaushe ne, dillalin shanu, kakansa daga Gobir ya zo, shi kuwa ko Sakkwato bai taɓa gani ba. Hausarsa tsaf irin ta tsofaffinmu, sai dai ba ya gama magana bai barbaɗa mata Faransanci ba. Da na ambaci Alhaji Bawa ya ce duk Zango ba wanda bai ji rigimar ba. Ya ce Alhaji mutumin kirki ne, amma in ya juya baya ba ya waiwaye, kuma a Zango wanda mai masaukinsa ya kora ba mai sake kai masa ko keke. Sai a lokacin na gane ba fili kaɗai ƙanena zai rasa ba.

Mun shiga Parakou da la'asar. 'Yan acaɓa a can zem ake ce musu, kuma ina jin sun fi mutanen gari yawa. Wanda ya ɗauke ni ya ratsa da ni ta unguwar Guéma yana hira da abokinsa a wani babur, su biyun ba mai kallon gabansa, ya sauke ni a bakin garejin. Na hango Ila kafin ya gan ni. Yana zaune a kan tsohuwar taya ya zabga tagumi, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. A gabansa ga wata tsohuwar a-kori-kura, wadda su suke kira bashe, an cire mata inji an baje a kan buhu. Ya ɗago ya gan ni, ya miƙe ya ce "Yaya." Na zo da faɗa cike da bakina a kan ɓoye mini da ya yi, amma da na ga idonsa sai tausayi ya kama ni, na tambaye shi inda ake alwala.

Zainabu ta sauke ni a ɗakin zaure, ta kawo sakwara da miyar gyaɗa, da wani cukun Fulani da suke kira wagashi, an soya shi ya yi ja. Ni da na saba da tuwon shinkafa na ce zan ɗan taɓa ne don kada ta ji ba daɗi. Sai da na ga gindin kwano. Haihuwar Zango ce, tana jin Hausa da Dandanci da Barganci da Faransanci, kuma da kowanne tana iya yi wa miji faɗa. Tana kwashe kwanuka ta ce, "Yaya, ka tambaye shi da kyau kafin ka je wurin Alhaji. Ba duka laifin ne na Alhaji ba." Na ce mata to, amma a raina na ce ita me ta sani a kan gareji.

Da safe na zagaya na ga yadda suke aiki. Masu koyon sana'a duk cikin shuɗin kaya iri ɗaya, iyayensu ke kawo su da yarjejeniya, kuma ranar da mutum ya ƙware sai an yi biki an 'yanta shi a gaban jama'a. Mu a nan ranar da yaro ya ƙware ita ce ranar da za ka neme shi ka rasa, tare da sifanarka mai lamba goma. In rana ta take kuma sai gari ya mutu, kantuna su rufe, kowa ya je ya kwanta, ko da motarka tana kan jak. Amma babban abin da ya raba mu da su shi ne dabi. Kafin bakanike ya taɓa mota sai ya faɗi abin da za ta ci, kuɗin kaya daban, kuɗin hannu daban, wanda suke kira mandabur. Tamu kuwa kun san ta: sai an buɗe, in an buɗe sai an gwada, in an gama a tsaya a bakin titi ana rantse-rantse har mai goro ya zo rabo. A gabana wata ma'aikaciyar asibiti ta kawo motarta birki yana ƙara. Ila ya leƙa, ya faɗa mata kaya, ya faɗa mata hannu, ta ja, ya ja, suka daidaita, ta hau zem ta tafi aiki. Na ce a raina to ai yaron nan ya iya magana, me ya same shi?

Ya ba ni labarin yana kallon ƙasa. Tun ranar da ya buɗe gareji, duk lokacin da bashen Alhaji ta lalace, in ya faɗi kuɗin kaya Alhaji ya ce hannu fa, sai ya ce haba Baba, ni da kai? Mutumin da ya ba ka fili, ya yi maka aure, da wane baki za ka ce masa ga kuɗin hannunka? To amma bashen nan kullum tana hanya tsakanin kasuwannin shanu da mahauta, ba ta yin wata ba ta kwana a gareji ba, kuma in ta shigo sai an ture aikin kowa. Ga masu koyon aiki suna jiran abincin rana, ga gida. Sai Ila ya bi hanyar da duk bakanike ya sani, ya riƙa ɗora kuɗin hannun a kan kuɗin kaya. Mutanenmu suna biyan ƙarfe ba gardama, don suna ganinsa, suna iya ɗaga shi su ji nauyi, hannu kuwa ba sa ganin abin da ya ci. An yi shekaru a haka lafiya lau. Wannan karon ya ba da dabi a kan ringi da gasket na cikin inji, da aka buɗe sai ga karanshaf ya tsage, wato ƙarfen da ke juya cikin injin gaba ɗaya, kuɗi ya ninka. Alhaji ya ji abin ya yi masa yawa, ya biya ta wani kantin kayan mota a unguwar Banikanni ya tambayi kuɗin ringi da bakinsa, nan ya gano ƙarin da ake yi masa.

Na ce wa Ila wannan ai ba sata ba ce, guminka ne. Ya ce shi ma ya sani, amma je ka gaya wa Alhaji.

Na kuwa sa babbar rigata na tafi, na bar gargaɗin Zainabu a zaure. Gaisuwar mutanen can sai mai ƙafa. A durƙusa, a tambayi gida, a tambayi gajiya, a tambayi kwanan jiya, kowace amsa a bi ta da uhm-uhm a maƙogwaro, kuma ba mai tashi sai babba ya gama. Gwiwata ta yi ta ƙara kafin a ce in zauna. Alhaji Bawa gajere ne kakkaura, damatsansa na ɗan dambe duk da furfura, ga yatsa ɗaya da wuƙa ta rage wa tsawo. Ya sa aka kawo mini balangu mai zafi, don a wurinsa baƙo baƙo ne ko da faɗa ya zo.

Ban bari naman ya huce ba na fara. Na yi masa bayanin wahalar bakanike, na kawo ƙunar hannu, na kawo ciwon baya, sannan na sako wadda na taho ina wasawa tun daga gida. Na ce Alhaji, ai kai ma bijimin da ka saya a kasuwa ba a kuɗin da ka saye shi kake sayar da namansa ba. Ya bar ni na gama tsaf.

"Gaskiya ne, Malam Garba," ya ce. "Amma ni ban taɓa miƙa wa mutum tsoka na ce kyauta ce, sannan na zagaya na cire kuɗinta a ƙashi ba. Shekara nawa ina yawo a Zangon nan ina cewa ina da ɗa wanda ba ya karɓar ko dala a hannuna? A masallaci na faɗa, a wurin suna na faɗa. Ashe mai kanti ya san gaskiya, yaran gareji sun sani, ni kaɗai ne ban sani ba."

Na zo da shirin mai rowa, sai na tarar da mutumin da aka kunyata. Ya ce magana ɗaya ce. An ba shi labarin wata bashe da ta mutu a Djougou, zai je ya sayi karanshaf ɗinta da hannunsa. Ya ce Ila ya bi shi ya duba tunda shi ya san irinsa, ya ɗaura tunda shi ya kwance, sannan ya nemi wani fili. Na roƙi arziki in bi su, ya ce hanya ta Allah ce.

Tafiyar Djougou, wadda su suke ce wa Zugu, ba ta kai rabin yini ba, amma ban taɓa yin tafiyar da ta yi mini tsawo kamarta ba. Alhaji ya sayi kujerar gaba shi kaɗai, ni da Ila aka cusa mu baya tsakanin wata mata mai buhunan doya da wani malamin makaranta mai barci a kafaɗar mutane. Alhaji ba ya yi wa Ila magana kai tsaye. In yana son abu sai ya ce Malam Garba, gaya wa ƙanenka ya rufe gilashi, alhali ƙanen nawa yana bayan ƙeyarsa. Da muka tsaya a wani ƙauye ya sayi soyayyar doya, ya miƙo mini ƙunshi biyu, na gane na biyun na wane ne. Ila ya riƙe nasa har ya huce bai ci ba.

Djougou garin masallatai ne, kowane lungu da nasa. Wurin matattun motocin yana bayan gari, kuma mace ce mai shi, Madam Lamatu, ta gaje shi daga mijinta. Mun same ta a gindin mangwaro a kan kujerar wata tsohuwar bas, da mafici a hannu. Ita da Alhaji suka yi ciniki rabi da Dandanci rabi da Hausa, na ga gwanaye biyu sun haɗu. Da suka daidaita sai ta ce wannan kuɗin ƙarfe ne a kwance a cikin motar. Ciro shi aiki ne daban, kuma mai ciro mata ya tafi ƙauye jana'iza. Alhaji ya ce ba damuwa, ya zo da bakanike har biyu.

Nan fa zuciyata ta tashi. Na ce ni baƙo ne, ba a ba ni fili ba, ba a yi mini aure ba, sifanata ba ta fita jaka sai an yi magana. Na nemi benci na zauna na harɗe. Ila kuwa ya miƙe. Ya tuɓe riga, ya ɗauki jakar tawa ma, ya shige ƙarƙashin motar.

Motar ta daɗe a wurin, ciyawa ta fito ta cikinta, ƙadangaru sun yi gida a kan injin. Duk notin da ya taɓa, tsatsa ta riga ta cinye shi. Ya jiƙa su da baƙin mai, ya buga, ya jira, ya sake bugawa. Ni da Alhaji muna benci ɗaya, kowa ya juya wa ɗan'uwansa kafaɗa. Hannuna yana ƙaiƙayi, girman kai ya danne ni. Da farko Alhaji yana ta duba agogo, can na ga ya daina. Ya saba ya kawo mota da safe ya dawo ya ɗauka da yamma, bai taɓa zama ya ga abin da ke tsakanin kawowa da ɗauka ba.

Da rana ta raba aka zo ɗaga inji. Ba su da abin ɗagawa sai sarƙa da reshen wani maɗaci. Ila yana ja shi kaɗai, sarƙar ta zame, injin ya karkata ya datse masa hannu a jikin bodi. Kafin in miƙe, tsohon nan ya riga ni. Ya naɗe babbar riga, ya tallabi injin ta ƙasa yadda suke tallabar sa in za a rataye shi, ya daka mini tsawa in kama sarƙa. Na kama, girman kai kuwa ban san inda ya faɗi ba. Muka sauke injin a kan taya mu uku muna haki. Bayan hannun Ila ya yage, jini yana bin gwiwar hannu. Alhaji ya kama hannun ya juya shi, ya ce bai kai jijiya ba, ya yagi ƙyallen da yake ratayawa a kafaɗa ya ɗaure masa. Duk wannan bai dubi fuskarsa ba.

Daga nan bai koma benci ba. Ya tsuguna yana kallon Ila yana kwance injin da hannu ɗaya da rabi, ni ina riƙe masa, yana jera kayan ciki a kan buhu kowanne a inda zai tuna. Can na ji Alhaji ya ce, kamar da kansa yake magana, ashe wannan ma fiɗa ce. Da karanshaf ya fito Ila ya rataye shi da igiya ya ƙwanƙwasa da sifana, ya yi ƙara garau, alamar bai tsage ba.

Alhaji ya biya Madam Lamatu, muka ɗauki ƙarfe za mu tafi, sai ta sa mafici ta tare hanya. Ta ce saura na mai cirowa. Alhaji ya ce yaronsa ne, ba ya karɓa. Ta ce ko ɗan cikinsa ne, a filinta sai an biya a gabanta.

"Alaji, ba don tausayi nake yi ba," ta ce. "Na ga abin da ya ishe ni. Hannun da ba a biya ba, shi yake biyan kansa. Yau ka ce yaronka ne, gobe in duba motata in ga ba kafireta. Ba ɓarayi ba ne, yunwa ce da kunya. Ka biya shi ido na ganin ido, kowa ya kwana lafiya."

Ba ta san komai a kan rigimarmu ba, kayanta take karewa. Ila ya sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage ya shige. Alhaji ya tambaye ta nawa ne, ta faɗa. Sannan ya ciro abin da ta faɗa, bai ba Ila a hannu ba, ya ajiye a kan bodin motar ya yi gaba. Ni na ɗauka na cusa wa Ila a aljihu.

Mun kwana a gidan wani abokin sana'ar Alhaji, aka ba mu wasa-wasa, garin doya ne da aka turara ya yi baƙi-baƙi kamar dambu, da mai da yaji. Mai gidan ya yi ta jan Alhaji da hira, shi kuwa eh da a'a kawai. Ban san ko maganar matar ta shige shi ba, ko kuwa ta ƙara tunzura shi tunda yanzu har a wani gari an taɓa masa ciwon. A hanyar dawowa ko gilashi bai ce in gaya wa ƙanena ya rufe ba. Tsoro na ji sosai. Har na fara tunanin inda zan raɓa Ila a garejina na Kebbi, da bakin da zan gaya wa Zainabu ta bar garin uwarta.

Washegari rana ta ɗaga, Ila ya wanke karanshaf ya shimfiɗa buhu zai fara haɗa inji, sai ga Alhaji a kan zem. Mai shayi ya bar tukunyarsa, mai faci ya matso, maƙwabta suka fara leƙowa, don kowa ya san wata ya kusa ƙarewa. Alhaji ya zo ya tsaya a kan Ila.

"Isma'ila, ajiye sifanar nan. Kafin ka ɗaura noti ɗaya, faɗa mini kuɗin hannunka."

Ila ya durƙusa ya ce duk abin da Baba ya bayar ya isa.

"Wannan maganar ce ta kai mu Zugu," Alhaji ya ce. "In har yanzu ita ce a bakinka, fara kwashe kayanka yau, kada ka jira wata."

Ila ya juyo ya dube ni. Wallahi adadin yana kan harshena, kuma ban taɓa riƙe magana ta yi mini nauyi kamar ranar ba. Amma na san in ni na faɗa, gobe ina Kebbi, shi yana nan da bakinsa a ɗaure. Na kau da kai na kama kallon wata taya kamar ban taɓa ganin taya ba. Can na ji muryar Ila ƙasa-ƙasa ya ce jaka sittin, wato sefa dubu sittin. Ni da na san aikin, na san bai zalunta ba.

Alhaji ya riƙe baki. Ya ce jaka sittin a kan motar da ta girmi mai gyaranta, ai gara ya sayi jaki. Ya juya ya kafa mai shayi shaida a kan tsadar yaran zamani. Sannan ya dubi Ila ya ce, "Jaka talatin."

Na san ƙanena, na san zai ce to Baba, a koma gidan jiya. Amma sai ya ɗago ido ya dubi mutumin da ya sauke shi tun yana baƙo.

"Albarka, Baba."

Mai faci ya fashe da dariya, ya yi maza ya toshe baki. Alhaji bai yi dariya ba. Ya tattara rigarsa, ya kaɗe benci, ya zauna daram, ya ce a kawo masa shayi. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwa ya san mai niyyar tafiya a tsaye yake tayawa. Ni kuwa na zagaya bayan bashe, wai ina duba sifirin, don kada a ga idona.

Suka yi ta ja. Alhaji yana ƙara jaka bibbiyu yana rantsuwar ta ƙarshe ke nan, Ila yana sauka kaɗan-kaɗan, muryarsa tana ƙara fitowa, har na ji shi da kunnena yana cewa Baba, ai kai ka ɗaga injin nan, ka ji nauyinsa. Ladan ya kira azahar ba su daidaita ba. Alhaji ya miƙe ya gyara hula, ya ce a bar cinikin a je a yi salla, in an dawo a ƙarasa, gareji ai ba tashi zai yi ba.